Tambayi Bakanike: Me ya sa babur ke shaƙewa in an hau duwatsu da shi?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk a kan kafireto suke, musamman maganar jet, wato 'yar tagullar nan mai rami da fetur ke bi a cikin kafireto, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Masu tambayar birki da batir ku ƙara haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Oga, barka da ƙoƙari. Ni aiki ne ya mayar da ni wani gari can saman duwatsu, an ce min tsayin wurin daga teku ya kai mita 1,500, kuma da babur ɗina na taho, 125 ne mai kafireto. A inda na baro lafiyarsa ƙalau amma tunda na zo nan ya zama wani iri, in na murɗa totur sai ya riƙa shaƙewa yana burburwa, salansa na ɗan fitar da baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin, ga shan mai ga rashin ƙarfi. Wani ya ce in sa jet mai ramin da ya fi faɗi ƙarfin zai dawo, wani kuma ya ce ringi ne ya mutu. Don Allah wanne zan bi?

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Kar ka bi ko ɗaya. Kar ka sa jet mai ramin da ya fi faɗi, kuma kar ka yarda a kwance maka inji tukuna, don duk abin da ka lissafa alamar abu ɗaya ce, mai ya yi wa iska yawa.

Fara duba fulogin nan da kyau. In baƙin busasshe ne, kana shafa shi da yatsa yana fita kamar garin gawayi, toh fetur ne da bai ƙone duka ba. In da ringi ne da za ka gan shi a jiƙe yana maiƙo, hayaƙin kuma shuɗi-shuɗi ne mai warin baƙin mai, ba baƙi ba. Wannan kaɗai ya isa ya raba maka gardamar mutanen biyu.

Abin da ke faruwa shi ne, inji da nauyi yake lissafin abin da yake ƙonawa. Kafin fetur ya ƙone tas yana buƙatar iska mai nauyinsa sau 14.7, in kuma ƙarfi ake nema a cikakken totur ana ɗan ƙara man ya dawo wajen 12.5 zuwa 13. Shi kuma kafireto ba shi da sikeli, abin da ya sani kawai iska ta wuce ta maƙogwaronsa da gudu ta zuƙo mai ta cikin jet. A bakin teku mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi na iska nauyinta ya ɗan haura kilo 1.2, a mita 1,500 ya dawo kusan 1.06, wato an rasa kamar kashi 14 cikin 100 kenan, a mita 3,000 kuwa kusan kwata ta tafi. Mutane na cewa wai iskar oksijin ce ta ƙare a sama, a'a tana nan a kashi 21 ɗinta, iskar ce gaba ɗaya ta yi shara-shara. Fistin ɗinka yana jan cikin silinda ɗaya kamar kullum amma abin da ke ciki ya ragu. Man da jet ke bayarwa shi ma yana raguwa, sai dai raguwarsa kusan rabin ta iskar ce, shi ya sa a inda kake man ya fi ƙima da wajen kashi 7 cikin 100. Toh ka ga wanda ya ce ka ƙara jet, ciwon zai ƙara maka.

Ragewa za ka yi, amma kaɗan, kuma a nan ne mutane ke wuce gona da iri. Kwance kofin ƙasan kafireto, babban jet shi ne na tsakiya mai kaurin kai, da lamba a jikinsa, wani lokaci sai ka goge ka haska da tocila kafin ka gan ta. In kafireton kamfanin Keihin ne ko wanda aka kwaikwayi nasa, lambar kusan faɗin ramin ce, 100 na nufin milimita ɗaya. A mita 1,500 ana ninka lambar da kamar 0.96, kenan 100 zai dawo 96, tunda kuma masu lamba 98 da 95 ake samu, fara da 98, in har yanzu yana burburwa a cikakken totur sai ka sauka 95. Mataki ɗaya ko biyu, shikenan. Ban yarda da mai tsallakawa daga 100 zuwa 85 a tashi ɗaya ba ko wane ne shi.

In kuma Mikuni ne ka kula, jet ɗinsu mai kai irin na noti da yawan man da ke wucewa ake ba shi lamba ba da faɗin rami ba, don haka 150 na Mikuni da 150 na Keihin ba abu ɗaya ba ne, zarensu ma ya bambanta. Kuma jet ɗin jabu sau da yawa lambar da aka buga masa daban ramin daban, ka ɗaga biyu masu lamba ɗaya ka duba a haske ka ga wani ya fi wani faɗi. Nemi na asali.

Sai abin da nake so ka sa a ranka tun yanzu don kar ka ɓata kuɗi da lokaci, jet ba zai dawo maka da ƙarfin da ka baro a ƙasa ba. Injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa masa iska da ƙarfi, yana rasa kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau, a wurinka wajen kashi 15 kenan, babur mai ƙarfin doki 10 ya koma 8 da rabi. Abin da gyaran jet zai yi shi ne ya cire shaƙewar, ya rage shan mai, fulogi ya daina mutuwa, ka samu 8 da rabin nan cikakke maimakon abin da bai kai haka ba. Ko masu tseren hawan dutsen Pikes Peak a jihar Kolorado ta Amurka, wanda aka fara tun 1916, suna tashi daga sama da mita 2,800 su ƙare a mita 4,302, da duk kuɗinsu da injiniyoyinsu wannan matsalar suke fama da ita, har ta kai motar lantarki ta Volkswagen ce ta kafa tarihin gudu a can a 2018 don ita ba ruwanta da numfashi. In hawa na ba ka wahala bayan ka gyara jet, ƙara haƙori biyu ko uku a faifan sarƙa na baya, gudun ƙarshe zai ɗan ragu amma zai riƙa jan tudu ba kuka.

Kuma don Allah ka adana tsohon jet ɗin nan mai 100, ƙulle shi a leda ka sa cikin akwatin kayan aikin babur. Ranar da za ka sauko ƙasa ka daɗe, mayar da shi. Hawa sama da jet ɗin ƙasa ɓarnar mai ce da fulogi kawai, amma saukowa ƙasa da jet ɗin sama ka riƙe totur a doguwar hanya, wannan shi ke cinye bawul ya huda fistin. Wanda kuma kullum yana hawa yana sauka, ya saita babur ɗinsa a kan wuri mafi ƙasa da yake zuwa ya haƙura da ɗan burburwar sama.

TAMBAYA: Malam na bi shawarar rage babban jet, a guje babur ya gyaru sosai, amma wajen tashi da kuma tafiyar cikin gari a hankali yana nan yana tuntuɓe, silo ma ba ya tsayawa daidai. Ko in ƙara ragewa ne?

AMSA: A'a ƙanena, bar babban jet haka, ya gama nasa aikin. Kafireto ba hanyar mai ɗaya gare shi ba, kuma abin da ke zaɓar hanyar shi ne yadda ka buɗe totur, ba gudun da kake yi ba, wannan shi ne abin da da yawa ba su gane ba har cikin masu gyaran. Daga silo zuwa kwatan totur ƙaramin jet ne da sukurun da ke gefensa ke ciyar da inji. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu allurar cikin kafireto ce. Babban jet sai daga nan zuwa ƙarshe yake da ta cewa. Suna ɗan shiga gonar juna amma haka rabon yake. Mai yawo cikin gari zai iya wuni bai taɓa babban jet ba sam.

Ga dabara mai sauƙi. Manna farin salatif a jikin robar totur da wani a gidan makunnin da ke kusa da ita, ja layi a inda totur yake rufe, murɗa shi ƙarshe ka ja wani, sai ka raba tsakani gida huɗu. Hau ka lura a wane layi ne yake tuntuɓe. Inda ya nuna maka nan za ka taɓa, ba wani wuri ba.

Naka daga bayaninka ƙasa ne, toh fara da sukurun. Amma tsaya ka gane wane iri gare ka don iri biyu ne kuma aikinsu kishiyar juna ne. In yana ɓangaren da iska ke shigowa, wajen filta, na iska ne, kwance shi waje yana ƙara iska mai ya ragu. In yana ɓangaren inji, sau da yawa ta ƙasa, na mai ne, kwance shi waje mai yake ƙarawa. Bari inji ya yi zafi sosai, ɗaura sukurun a hankali har ka ji ya zauna, kar ka matse shi fa, bakinsa siriri ne yana lalacewa, sai ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Daga nan kwata-kwata kake juyawa kana jira kaɗan kana saurare, inda ƙarar inji ta fi tashi ta kuma daidaita nan ne wurinsa, sannan ka sauke silo da ɗaya sukurun na silo. In na iska ne kuma sai da ka kwance shi fiye da zagaye biyu da rabi kafin ya yi daɗi, ƙaramin jet ya yi girma, sauka mataki ɗaya. In bai kai zagaye ɗaya ba ya yi ƙanƙanta. Na mai kuma ka juya lissafin.

In a tsakiyar totur ne matsalar sai allura. Buɗe murfin saman kafireto ka zaro silaid, wato ƙarfen da wayar totur ke ɗagawa, ka danne sifirin ka cire wayar totur, allurar za ta fito, a kanta akwai tsaga-tsaga yawanci guda biyar da wani ɗan kilif a ɗaya daga ciki, galibi ta tsakiya. Mayar da kilif tsagar sama allura ta nutse ƙasa ta toshe hanya mai ya ragu, wannan shi ake yi a saman dutse. Mayar da shi ƙasa allura ta ɗago mai ya ƙaru. Tsaga ɗaya kawai za ka matsa. Kuma wajen cire kilif ɗin nan sa hannunka da allurar cikin leda ko ka rufa tsumma, ɗan mitsitsi ne kuma tsalle yake yi, in ya faɗa cikin yashi sai dai wani. Wasu baburan allurarsu tsaga ɗaya ce tal, waɗannan da siririn zoben ƙarfe wato washa ake ɗaga su, saukewa kuwa sai an canza allurar.

Duk wannan fa bayan ka tabbatar filtar iska a wanke take, fulot, wato abin da ke yawo a kan mai cikin kofin ƙasa, yana tsayar da mai a inda kamfani ya ce, bawul a saite, kuma robar da ta haɗa kafireto da inji ba ta tsage ba. Filta mai datti kaɗai tana iya sa babur ya yi duk abin da hawan dutse ke sa shi. In an yi saiti a kan datti, ranar da aka wanke filtar sai an sake sabon lale. Abu ɗaya ake canzawa a gwada, a rubuta a takarda, sannan a taɓa na gaba, wanda ya canza uku a lokaci ɗaya ko ya gyaru bai san wanne ya gyara ba.

TAMBAYA: Oga ni gudu nake so. Na sa buɗaɗɗiyar salansa na cire akwatin filta na sa 'yar ƙarama mai kama da mazurari, ƙara kam ta yi daɗi, amma in na saki totur sai ya riƙa harbi tas-tas, inji na zafi sosai, kuma in na murɗe gaba ɗaya sai ya yi kamar zai mutu kafin ya ɗauka. Abokina ya ce a faɗaɗa ramin jet da allurar ɗinki.

AMSA: Ɗan'uwa ajiye babur ɗin nan har sai an gyara, da gaske nake. Kai matsalarka kishiyar ta mai tambayar farko ce kuma ta fi tasa haɗari. Ka buɗe wa iska ƙofa gaba da baya ka bar mai a inda yake, ga shi cire akwatin yana rage ƙarfin zuƙar da ke jawo mai ta jet, inji yana aiki da ƙishi kenan, zafin da kake ji daga nan yake.

Allurar ɗinki kuwa ko waya kar ta kusanci jet. Tagulla ce mai laushi, bambancin mataki ɗaya da na gaba bai wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari na milimita ba, hannun mutum ba zai iya wannan ba, kuma in ka faɗaɗa ba ya komawa. Ko toshewa ya yi da iska da man wanki ake buɗe shi.

Kai daga sama za ka faro. Sayi jet uku ko huɗu da suka fi naka, sa mafi girman, in ya yi burburwa a cikakken totur ka riƙa saukowa ɗaya-ɗaya har ta ɗauke, ka tsaya nan, kar ka ce bari in ƙara sauka ko zai fi. Gwaji biyu za su taimake ka. Na farko cok, in inji da zafinsa ka ɗan ja cok ka ji ya ƙara lafiya, mai yake nema. Na biyu, kana cikakken totur a babbar giya ka ɗan sassauta kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas, in ka ji babur ya ƙara ja a lokacin toh babban jet ya yi ƙanƙanta.

Sai karatun fulogi, wanda akasari ake yinsa ba daidai ba, mutum ya dawo gida ya bar inji a silo ya kashe ya ciro fulogi ya ce ga launin babban jet, alhali launin silo yake kallo. Yadda ake yi, sabon fulogi, inji da zafi, hanya mai kyau wadda ba mutane ba dabbobi, hular kwano a kanka, ka riƙe totur a ƙarshe na ɗan lokaci, sai ka kama kuloci ka kashe inji a tare ka gangara ka tsaya. Bari ya ɗan huce ka ciro, ka leƙa can gindin farin tangaran ɗin daga ciki. Ruwan ƙasa mai haske lafiya, baƙi mai ya yi yawa, fari fat ko ka ga ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar na azurfa a jiki, wannan fistin ne ya fara narkewa, kar ka sake tayar da shi a haka. Fetur ɗin zamani marar dalma ba ya rina fulogi kamar na da, don haka ɗan haske ba abin tsoro ba ne, haɗa da yadda babur ke ja da zafinsa kafin ka yanke hukunci.

Harbin da yake yi in ka saki totur ƙaramin jet ne ko sukurunsa, ko kuma iska na shiga ta bakin salansa inda ta haɗu da inji, duba gasket ɗin wurin tukuna. Ra'ayina kuma tunda ka tambaye ni, a ƙaramin babur na hawan yau da kullum mayar da akwatin filtarka. Ƙarin ƙarfin da mazurarin nan ke bayarwa bai taka kara ya karya ba, ƙasan totur yana lalacewa, ga ƙura da ruwan sama suna samun hanya.

TAMBAYA: Baba nawa tu-sitirok ne, irin wanda ake zuba wa mai a cikin fetur. An saita min shi da rana tsaka ana zafi yana tashi kamar me, washegari da asuba cikin sanyi na kama hanya na riƙe wuta sai inji ya kama, tayar baya ta ja ƙasa, Allah ne ya kiyaye. Kuma ina zuba mai fiye da ƙima ma don kariya. Me ya jawo?

AMSA: Alhamdulillahi da ka tsira ɗana, Allah ya ƙara kiyayewa. Ba tsayin wuri kaɗai ke canza nauyin iska ba, har da zafi da sanyi. Tsakanin digiri 40 da digiri 10 a ma'aunin Selshiyos nauyin iska na bambanta da kusan kashi 10 cikin 100, kusan daidai da saukowa mita 1,000. Wanda ya saita maka ya kai shi gaɓar ƙarshe a iskar rana mai shara-shara, da asuba iska ta yi nauyi man bai ƙaru ba. Tu-sitirok kuma a bakin gaɓar nan ya fi daɗin hawa, shi ya sa yake yaudarar mutane, kuma man da ke shafe fistin ta cikin jet ɗin yake bi, in fetur ya ragu shafawa da sanyayawa duk sun ragu.

Ƙarin man da kake yi ma da hannunsa a ciki ko da kaɗan ne. Ramin jet bai canza ba, in man shafawa ya ci wuri mai yawa fetur ɗin da ke wucewa ya ragu. Zaɓi awo ɗaya, wanda kamfanin babur ɗin ya rubuta, ka tsaya a kansa, a kan shi ake saita jet. Bayan an gyara silinda da fistin a saita shi da sanyin safiya, a kuma bar shi mataki ɗaya sama da inda ya fi kaifi. Kuma ka sa a duba sil ɗin kiranshaf, in yana shan iska ta nan ko wane jet ka sa zai sake kamawa. Yatsunka biyu su riƙa zama a kan kuloci a doguwar hanya, da ka ji ƙarar ta canza ko ƙarfi ya faɗi ka kama shi nan take.

TAMBAYA: Malam nawa sabo ne mai injekta, zan yi tafiya yankin duwatsu, me zan canza?

AMSA: Ba komai ɗan'uwa. Naka yana da na'urar da ke auna matsin iska da zafinta, kwamfutar ciki ta rage ko ta ƙara mai da kanta, da yawa kuma suna da wata a salansa mai duba abin da ya ƙone. Ƙarfi dai zai ragu kamar na kowa, kar ka ɗauka lalacewa ya yi ka bari a taɓa maka shi. Masu kafireto mai faifan roba a sama, wanda zuƙar inji ke ɗaga silaid ɗinsa ba waya ba, su ma yana ɗan rage musu matsalar a tsakiyar totur amma ba duka ba, in za su zauna a saman su rage babban jet mataki ɗaya su sake saita sukurun ƙasa. Kai dai wanke filta, duba iskar taya da birki kafin ka tashi, wajen gangarowa kuma ka riƙa amfani da giya kar ka dogara da birki kaɗai ya yi zafi.